Kafin a tsine wa matar uba, a fara tambaya ina uban yake

Duk sanda labari ya fito cewa an azabtar da yaro a gidan ubansa, kafin ma a gama jin yadda abin ya faru mutane sun riga sun yanke hukunci: matar uba ce, Allah ya isa, mata ba su da imani. A watan Agusta na 2020 aka ceto wani yaro a Birnin Kebbi da aka ɗaure a wajen dabbobi kusan shekara biyu bayan rasuwar mahaifiyarsa, kuma a cikin watan dai aka fito da wani bawan Allah a Kano da ya shekara bakwai a kulle a gidan mahaifinsa. Kowa ya ga hotunan, kowa ya yi kuka ya yi tsinuwa, kuma duk matar da ke da hannu a irin wannan ta cancanci hukunci, ban ce a sassauta mata ba ko kaɗan. Amma fa a gidajen nan biyu akwai uba, yana raye, yana shiga yana fita, yana cin tuwo yana kwana a gidan. A kansa nake so mu tsaya, domin ni a ganina yawancin wahalar da 'ya'yan saki da marayu ke sha a gidajenmu daga hannunmu maza take farawa, mu ne muke ƙulla abin sannan mu koma gefe mu bar mata biyu da yaro suna ta fama.

A duba yadda yaron yake zuwa hannun matar uba tun farko. Aure ya mutu, ran kowa a ɓace, maganar farko da ke fita daga bakin maigida ita ce "ki ajiye min 'ya'yana". Idan akwai na goye sai a jira yaye, ranar da aka cire shi daga nono ko sati bai cika ba za a turo ƙanwar miji ko gwaggonsa ta zo ta ɗauke shi, yaro yana ihu uwa tana kuka, a ce mata ki yi haƙuri ai ɗa na uba ne. To an karɓo, sai me? Shi wanda ya karɓo ɗin ba shi zai yi wanka da wanki da tsarkin kashi ba, ba shi zai tashi cikin dare in zazzaɓi ya rufe yaron ba. Ko dai a kai wa Hajiya tsohuwa da ke fama da ciwon ƙafa da hawan jini, ko a miƙa wa uwargida da nata yaran sun ishe ta, ko a jira amarya. Amaryar kuma sau da yawa yarinya ce da ba ta daɗe da gama sakandare ba, wadda lokacin zance abin da aka gaya mata kawai shi ne "ina da yara biyu amma ba su da matsala", ba a ce mata a hannunta za su zauna ba, sai bayan sati ɗaya da tarewa ta ga an shigo da su da kayansu a leda.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne addinin da muke tutiya da shi ba haka ya ce ba, kuma ba a wani ɓoyayyen littafi maganar take ba, tana cikin Risala da ake karantawa a zaurukan malamanmu kullum. A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'armu ke aiki da ita, bayan saki uwa ce ke da haƙƙin renon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta rasu ko ta yi wani auren, reno yana komawa wajen kakar yaron ta wajen uwa, daga ita sai 'yar'uwar mahaifiyarsa, sai an bi dangin uwa tukuna kafin a gangaro ɓangaren uba. Ci da sha da sutura da magani kuwa duk suna wuyan uba a duk inda yaron yake. Wata mata ta kawo wa Manzon Allah (SAW) kuka cewa mijinta ya sake ta kuma yana so ya ƙwace ɗanta, ya ce mata ke kika fi cancanta da shi matuƙar ba ki yi aure ba, hadisin yana cikin Abu Dawud. A suratul Baƙara aya ta 233 Allah ya ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta, kada kuma a cutar da uba saboda ɗansa. Duk mun san wannan ko mun taɓa ji a wa'azi, amma ranar da abin ya zo kanmu sai mu ajiye littafi mu ɗauko al'ada.

Kuma mu gaya wa kanmu gaskiya kan dalili. Wani don ya ƙuntata wa matar ne kawai, ya san babu inda zai taɓa ta ta ji zafi kamar nan. Wani lissafi ya yi, in yaro yana wajen uwarsa dole duk wata ya cire kuɗi ya aika, in kuwa yana gidansa ai sai ya ci daga tukunyar da aka riga aka ɗora, ba za a ga abin da ya kashe ba. Wani kuma tsoron bakin mutane ne, kar a ce ɗansa yana agolanci a gidan wani ƙato. Su ma dangin matar ba su fita ba, sau nawa muka ji uba ko yaya yana cewa "mayar masa da kayansa, ke ki samu ki yi aurenki, wa zai ɗauke ki da yara uku". A duk lissafin nan babu wanda ya tsaya ya tambayi inda yaron zai fi samun kwanciyar hankali.

Yanzu a dawo kan ita wadda aka jibga wa riƙon. Wallahi matsayin matar uba matsayi ne mai wuya ko da mace ta shigo da zuciya ɗaya. In ta tsawata wa yaro a ce don ba ita ta haife shi ba, in ta ƙyale shi a ce ta bar shi ya lalace da gangan. In ya rame ita ce, in ya faɗi jarabawa ita ce, in ya yi ƙurji a kai maƙwabta su fara leƙe ta katanga. Uwar da ta haifa za ta iya zane ɗanta da safe da rana ya dawo ya kwanta a cinyarta babu wanda zai ce uffan, ita kuwa ko harara ta yi sai labari ya kai gidan su tsohuwar matar kafin magariba. Tun muna yara ake mana tatsuniyar marainiya da muguwar kishiyar uwa, finafinai da littattafai suka ɗora daga nan, to yaron ma da ya shigo ya riga ya san matsayin da zai ajiye ta. Shi kuma maigida ya fita tun da sassafe, yana kasuwar Kwari ko ta Singa ko ofis, daga can ya zarce majalisa, sai bayan isha'i zai shigo yaran sun yi barci, ya tambaye ta "yaran nan lafiya dai ko?" ta ce lafiya, shi ke nan ya gama tarbiyya. Ranar da ta kawo ƙara kuma ko dai ya hau ta da faɗa a gaban yaran ya zubar mata da ƙima, ko ya ɗauko bulala ya hau yaron ba tare da ya ji ta bakinsa ba, daga ranar yaro ya ƙulla a ransa cewa ita ce ke sa a dake shi.

Ni a hannun matar uba na tashi, shi ya sa maganar nan take ci min rai. Umma muke ce mata, kuma har yau in na shiga gida ɗakinta nake fara zuwa. Mutane suna cewa na yi sa'a, na yarda mace ce ta gari, Allah ya saka mata da alheri, amma da na girma na fahimci rabin sa'ar daga mahaifinmu take. Bai taɓa barin hukunci mai nauyi a hannunta ba, in na yi laifi babba sai ta ce bari Malam ya dawo, shi kuma sai ya zaunar da ni ya ji nawa bayanin. Da mu yake cin abincin dare a kwano ɗaya, saboda haka ya san wanda ya ƙoshi da wanda bai ƙoshi ba ba sai an ba shi rahoto ba. Kayan sallah shi yake sayowa iri ɗaya ya raba da hannunsa. In an yi hutu shi da kansa yake sa a kai ni wajen mahaifiyata da ɗan abin da zan riƙa mata, kuma ban taɓa jin ya ambace ta da mummunar kalma ba duk da na san rabuwarsu ba ta yi daɗi ba. Wannan ya sauke wa Umma kaya mai yawa, ba ta zama 'yar sanda a kaina ba, sai ta samu sararin da za ta so ni.

Ban ce babu azzaluman matan uba ba, akwai su, kuma zaluncin da ya fi yawa ba irin wanda ake ɗauka a hoto ba ne. Shi ne yarinya 'yar shekara tara ita ce wanke-wanke ita ce shara ita ce rainon ƙannenta, kullum sai ta makara a makaranta. Shi ne nama a kwanon wasu, romo a kwanon wani. Shi ne a riƙa ce wa yaro "mai halin uwarsa" har ya haddace. Shi ne a yi ta zuga uba a hankali har ya yarda cewa yaron nan gara a kai shi karatun allo wani gari, yarinyar kuma a ɗora mata talla ko a aurar da ita a huta. Mace mai yin haka ta ji tsoron Allah, ita ma ba ta da tabbacin ita za ta raini nata. Sai dai duk abin da na lissafa babu wanda zai ɓoyu ga uban da yake zama da 'ya'yansa ko na rabin awa ne a rana. Yaron da yake shiru da zarar matar gida ta shigo, wanda ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, wanda kullum yana gidan maƙwabta lokacin cin abinci, ai yana magana ne, uban ne bai saurara ba. Wasu kuma sun gani sarai, tsoron rigimar matar ne ya sa suka kau da kai, suna cewa a zauna lafiya.

Iyaye mata da aka rabu da su, ku ma ina da magana da ku, kuma na san zafin da kuke ji ba wasa ba ne. Amma yaro ya zo hutu a zaunar da shi ana masa tambayoyi, me take dafawa, me babanku ya saya mata, ta taɓa zagina, sannan in zai koma a ja kunnensa kar ka ci abin da ta ba ka a ɓoye, kar ka yarda ta taɓa maka kai, in ta aike ka ka ce ba baiwar ubanta ba ce ta haife ka. Baiwar Allah, ke za ki koma ɗakinki ki kwanta, shi ne zai koma ya kwana a gidan da kika koya masa ya ji tsoro. Matar da take ƙoƙari ma in ta ga kullum yaro yana dawowa da sabuwar tsiya sai ta janye hannunta ta ce iyakata da shi abinci, kuma wanda ya yi asara ɗanki ne. In kin ga alamar cuta ta gaske, tabo a jiki ko yunwa, wannan ba a yin shiru, a kai maganar gaban manya, in ta ƙi a je Hisba ko kotu. In kuwa ba ki ga komai ba sai kishi, ki daure ki aika mata da gaisuwa da ɗan turare ko sabulu ta hannun yaron, ba don kina sonta ba, don ɗanki ya ga an ba shi izinin ya zauna lafiya da ita.

Sai ɗaya ɓangaren da ba a cika magana a kai ba, wato mijin uwa da agola. Mun mai da agolanci abin gori, yara suna tsokanar yaro da shi a layi, manya suna yi a cikin raha. Namiji zai zo neman bazawara yana rantsuwa 'ya'yanki 'ya'yana ne, wata uku da tarewa ya fara ƙirga loma, yana cewa shi fa bai auro da rainon ɗan wani ba. Alhali Manzon Allah (SAW) da ya auri Ummu Salama da 'ya'yanta ta zo, kuma hadisin nan da kowane ɗan Islamiyya ya haddace, "ya kai yaro, ka ambaci sunan Allah, ka ci da damanka, ka ci abin da ke gabanka", ai ga Umar ɗan Abu Salama aka faɗe shi, ɗan matarsa, suna cin abinci a akushi ɗaya. Anas ɗan Malik a gidan mijin mahaifiyarsa Abu Ɗalha ya tashi. Muhammad ɗan Sayyidina Abubakar a hannun Sayyidina Ali ya girma bayan ya auri mahaifiyarsa Asma'u 'yar Umais. Waɗannan su ne mutanen da muke cewa muna koyi da su, to daga ina muka samo ƙyamar?

Amma a nan ma adalci ya kamata a yi wa mijin uwa. Ciyar da agola ba wajibinsa ba ne, alheri ne yake yi, wajibin yana kan uban da ya haifa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda kwanon shinkafa da kuɗin makaranta suka koma, mutum yana fama da nasa sannan ga yara biyu da ubansu yana gari ɗaya yana hawa mota yana ƙara aure amma ko sisi ba ya aikowa, in an yi magana ya ce ai ita ta zaɓi ta riƙe su. Wannan shi ke sa mijin da ya fara da niyya mai kyau ya fara gajiya, ita kuma uwar ta shiga ɓoye-ɓoye, tana rage kuɗin cefane tana sayar da kayan ɗakinta don ta biya kuɗin jarabawa, daga nan aure na biyun ma ya fara rawa. Uban da ya daina ciyar da ɗansa don yana gidan wani ba tsohuwar matarsa yake hukuntawa ba, haƙƙin ɗansa yake ci.

Akwai kuma abubuwan da kunya take hana mu faɗa a irin wannan gida. Agola ba ya gadon mijin uwarsa, haka ɗan miji ba ya gadon matar ubansa, to wanda ya riƙi yaro shekara da shekaru yana sonsa, ya yi masa kyauta tun yana raye ko ya rubuta wasiyya cikin sulusin dukiyarsa, kar a bari sai ranar rabon gado yaro ya gane cewa shi bare ne. Kar kuma a canza masa sunan uba a makaranta ko a katin ɗan ƙasa don a rufe zance, suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu. Sannan yarinyar da uwarta ta zo da ita, mijin uwar muharraminta ne, amma 'ya'yansa maza da ya haifa da wata matar ba muharramanta ba ne, aure ya halatta a tsakaninsu, saboda haka maganar ɗakin kwana da sutura da wanda ake bari da wa a gida dole a tsara ta tun kafin su girma. Ana samun ɓarna ta nan, kuma yawanci rufewa ake yi yarinyar ta tafi da ciwon a ranta.

Ita kuma gabar da muke yi bayan saki, ban san wanda ya ce mana dole ba ce. Mutum biyu sun haifi ɗa tare amma ko yaron yana kwance a asibiti ba za a sanar da ɗayan ba, sai dai ya ji a bakin mutane. Na san akwai kishi, sabon miji ba zai so tsohon miji yana kiran matarsa a waya da daddare ba, kuma yana da gaskiya, haka amarya ba za ta so tsohuwar mata tana shigo mata gida ba sallama ba. To ai ba sai sun yi hira ba. A samu mutum ɗaya mai hankali da kowa ya yarda da shi, kawun yaron ko gwaggonsa ko kakarsa, duk saƙo ya bi ta hannunsa. Kuɗin makaranta a tura kai tsaye asusun makarantar in ana tsoron a ce an cinye, na abinci a sa rana a wata a riƙa turawa ba sai an yi roƙo ba. A san inda yaro zai yi ƙaramar sallah da inda zai yi babba, a san rabon hutu, a bar shi ya kira uwarsa ko ubansa a waya ba tare da an tsaya a kansa ana saurare ba. Kuma dan Allah a daina aiken yaro da baƙar magana, "ka je ka gaya wa uban naka", yaron da bai kai ya riƙe kuɗin cefane ba an ɗora masa wannan.

Matan da ake hana ganin 'ya'yansu ko aka bar su da ciyarwa su kaɗai, da yawa suna jin kunyar zuwa kotu, ana ce musu kin kai uban 'ya'yanki ƙara me za ki gaya musu in sun girma. Ni ban ga abin kunya ba a neman haƙƙin da shari'a ta ba yaro, abin kunyar yana wajen wanda sai alƙali ya tilasta masa ciyar da ɗansa. Alƙalai kuma su riƙa yanka abin da zai iya riƙe yaro a kasuwar yau, su kuma bi sawu a ga ana biya.

A Kano tun 2012 gwamnati ta hannun Hisba take aurar da zawarawa, a watan Oktoba na 2023 ma an ɗaura na mutum 1,800 da matansu a lokaci guda, kuma a 2024 an sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure. Duk wannan abu ne mai kyau. To yadda ake tambayar takardar gwajin jini, haka ya kamata duk auren da ɗaya daga cikin ma'auratan yake da 'ya'ya a zauna a yi maganarsu kafin a shafa fatiha, ko a ofishin Hisba ne ko a zauren waliyyi. Yara nawa ne, a wajen wa za su zauna, wa zai ciyar, yaushe za su riƙa ganin ɗaya mahaifin. A tambayi amarya ita kaɗai ba a gaban angon ba, kin yarda ki riƙe su ko ba za ki iya ba, in ta ce ba za ta iya ba kar a zage ta, gara ta faɗa yanzu a nemi wata mafita. A tambayi mai neman bazawara, ka amince ta zo da su, in ka amince har zuwa yaushe, in ba ka amince ba wa zai riƙe su. Waliyyai suna ɓata awanni kan sadaki da lefe da ranar tarewa, wannan maganar ba za ta ci musu minti talatin ba, kuma a rubuta ta a takarda kowane ɓangare ya riƙe kwafi, da sa hannun shaidun da suka halarci ɗaurin auren.